Ranar da Na Gyara wa Inna Ɗaki

Kwanan baya jikata ta ja ni zuwa ɗakinta, wai in zo in ga kwalliyar da ta yi. Na shiga ina dogara sanda, sai na tarar da faya-fayai uku manne a bango, ƙorai biyu masu zane a kan ɗan teburi, da tukunyar ƙasa da ta cusa wa busasshiyar ciyawa. Ta ce a waya ta gani, yanzu shi ake yayi har a manyan gidajen birni. Na tsaya ina ta kallo. Ta ce, "Tsoho, idon ne ya mutu ko bakin?" Na ce ya yi kyau, Allah ya sa albarka, na fito. Ba ta san abin da ta tono mini ba. Akwai lokacin da na kwashe irin waɗannan kaya da hannuna na fitar da su daga gidana kamar shara, kuma saura ƙiris wannan aika-aika ta raba ni da mahaifiyata.

A wani ɗan ƙauye na bakin gulbi aka haife ni, can wajen Maradun. Yau in ka je ba za ka ga ko kufai ba, ruwan Bakolori ne shimfiɗe a wurin. Abin da ya fi zauna mini a kunne daga can shi ne sautin safiya: taɓarya na faɗawa turmi gida-gida, kwaɗi ba su gama surutu a fadama ba, jakai na kuka, Inna na kankare ƙwarya da yashi. Ɗakinta na laka ne mai jinka, amma duk ƙauyen babu kamarsa. Kowace shekara in an gama kaka sai ta jiƙa jar ƙasa ta shafe bangon, ta bi shi da yatsu uku tun yana ɗanye tana jan zane kamar igiyar ruwa. Ƙasan ɗakin daɓe ne da ya sha makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, har ya yi baƙi-baƙi yana sheƙi, ka taka da rana tsaka ka ji sanyi ya hau maka har gwiwa. Ƙorai na jere a ragaya daga masaki har ƙoƙo, kowace da faifanta. Asabari a ƙofa, buzun Baba a rataye. A can sama kuma, inda hayaƙi ke taruwa, akwai zangarnun dawa da ta kitse da kaba ta rataye, jajaye, suna lilo in iska ta shigo. Takan ce wa 'yan mata, "Ɗaki shi na huskar macce, wadda ba ta wanke shi ba ba ta wanke ido ba." Ni a lokacin duk wannan ba kwalliya ba ce a wurina. Talauci nake gani.

Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye sai dole. In tana son in yi abu sai ta faɗa wa bango, ko ta ce wa wani, "Ku ce ma wancan shi ɗebo ruwa." Yaran yanzu da uwa ke rungumewa a gaban mutane ba za su gane wannan ba. Mu mun san ƙauna ce, sai dai a tuwo ake ganinta, ba a baki ba.

Na yi 'yan shekaru a makarantar boko, iya abin da zan karanta wasiƙa in rubuta, sannan Baba ya kai ni Mafara ya damƙa ni ga wani amininsa, dattijon mahauci. A hannunsa na koyi fawa, na koyi duba saniya da ido in faɗi naman da ke jikinta. Baba ya rasu ina can. Ba a daɗe ba aka fara aikin dam, gari ya cika da baƙi. Manyan motoci na wucewa ƙasa na girgiza, leburori da direbobi da Turawa kowa na neman nama. Wanda da yake yanka akuya ɗaya ya koma yanka sa. Ni ma Allah ya buɗa mini, na yi aure, na gina gidan siminti da rufin kwano, na sayi rediyo da keke, na fara ɗaure raguna a turke ina kiwatawa. Kaina ya kumbura ban sani ba. Abin da ya gudana tsakanin manoma da hukuma a shekarun nan, waɗanda suka gani sun sani, ba shi na zauna faɗa ba. Abin da ya shafe ni shi ne ruwa ya taso, aka ce mutanen ƙauyenmu su tashi, kowa ya kama gabansa.

Na ɗauki mota na je na kwaso Inna. Ta bar gadon kara, ta bar turmi, ta bar randar da ta girme ni, amma ƙorai da faya-fayai da zangarnun nan a cinyarta ta riƙe su har Mafara, direba na tsiya wai ko amarya muka ɗauko. Na ba ta ɗakin da ya fi kowane a gidan. Kwana biyu na ji ana buga ƙusa. Da na leƙa sai na ga ta kafa ƙusoshi a bangon simintin da na yi alfahari da shi, ta rataye ragaya, ta manna faya-fayai, zangarnun na lilo a kusurwa. Ta ma samo jar ƙasa ta shafa a gefe ɗaya, ta ƙi kamawa, ta bar dabbare-dabbare. Raina ya ɓaci, na haɗiye.

Abin da ya tunzura ni maganar banza ce. Wani abokina direban tifa ya shiga gaishe ta, da muka fito zaure sai ya kwashe da dariya ya ce, "Kai da munka ɗauka ɗan birni na, ashe rumbu ka gina cikin gida. Saura ka kawo mata kwaɗin gulbi su cika." Shi ya faɗa ya manta kafin ya kai bakin titi. Ni kuwa maganar ta kwana ta tashi da ni.

Ana nan sai Inna ta tafi Jangebe sunan jikar ƙanwarta, za ta yi mako guda. Na ce yau zan yi mata abin da ba a taɓa yi wa wata tsohuwa a danginmu ba. Maiɗakina ta tare ni a ƙofar ɗakin ta ce, "Maigida, ka bari ta komo ka tambaye ta." Na ce, "Wa ke tambayar uwa kahin shi yi mata alheri? Matsa." Ta matsa. Na cire ƙusoshi, na sa aka kankare jar ƙasa, aka shafa shuɗin fenti. Na shimfiɗa leda mai furanni, na sa gadon ƙarfe da katifa, na jera kwanonin samira a kabad mai gilashi. Ƙoran na raba wa Fulani masu tallar nono da ke zama kusa da rumfarmu, faya-fayan na bai wa masu awo. Zangarnun kuwa, na tsinke kabar na watsa wa ragunana. Har yau ina jin ƙarar haƙoransu. Na tsaya ina kallonsu ina jin daɗi wai ban yi asarar ko ƙwaya ba.

Da ta dawo ina tsakar gida ina jiran godiya. Ta ɗaga labule, ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Ta dubi bango, ta dubi kusurwa, sannan ta juya ga maiɗakina ta ce a hankali, "Ki tambai wancan, ina yak kai dawata?"

Na ce, "Inna, ai ta tsuhwa, duk ta yi baƙi. Na ba raguna. In dawa kika so, gobe in kawo maki buhu."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "To." Ta cire takalmi ta shiga, ta naɗe ledar gefe guda, ta shimfiɗa zanenta a kan siminti ta zauna.

Maiɗakina ce ta fahimtar da ni da yamma, tana tankaɗe ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Iri na. Dawar Baba ta, wadda yag gada wurin nashi uban. Ita kaɗai ta rage daga gonar da ruwa ya ci. Ta ce in damina ta hwaɗi za ta shuka nan bayan gida, ta nuna min wurin ma." Ni ɗan manomi, wanda ya tashi yana ganin ana zaɓen zangarniya mafi kyau a rataye ta a hayaƙi don ƙwari, a ce na kalli iri na ga abincin rago. Ba rashin sani ba ne. Na sani, birni ne ya rufe mini ido.

Inna ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Gadon ƙarfen nan ba ta taɓa hawansa ba. In na aiko da tsoka daga kasuwa, wadda na zaɓa da hannuna, sai a dawo da kwanon a rufe yadda ya je. In na durƙusa gaishe ta da safe sai ta amsa wa bango, "Lahiya," ta tsaya nan, babu "Allah shi yi albarka" da ta saba bina da shi tun ina yaro. Ta rame, idanunta suka faɗa. Rannan maiɗakina ta ce mini Inna ta aika wa ƙanenta da ke Damaga, in ya zo cin kasuwa ran Talata ya tafi da ita. Wanda bai san ƙasarmu ba zai ce mene ne a ciki, tsohuwa ta koma wurin ɗan'uwanta. Amma uwa ta bar gidan ɗanta na fari da rai a ɓace, ba ta sa masa albarka ba, wannan ko ya tara shanun duniya ya san ya tashi a tutar babu.

Na je wurin maigidana, dattijon mahaucin nan, na faɗa masa. Yana wasa wuƙa, bai daina ba har na gama. Ya ce, "Shekara nawa ina koya maka duba dabba? Ka san saniya mai ciki daga nesa, ba ka yanka ta. Amma ka shiga ɗakin uwarka ka yanka mai ciki." Na ce a ba ni shawara. Ya ce, "Ragunanka za ka matsa su amayo? Tashi ka nemi mutanenku inda sunka watse. Kuma kak ka tai da babbar riga, ba biki za ka ba."

Na fara da ƙoran. Na bi Fulanin nan ɗaya bayan ɗaya suna yi mini dariya. Wata ta ce, "Kaɗo, kyauta da ƙwace? Gobe ma in ka ba mu nama mu ci da sauri." Uku na samu a ciki, har da wata tsohuwa mai ɗinkin gyartai a baki, sauran sun bi rugage. Daga nan na hau keke na shiga neman iri. Na je sabon matsugunin da aka kai wasu daga cikin mutanenmu, na gangara wajen Bakura inda wasu suka samu aikin noman rani, na tambaya gida-gida. Ko'ina amsa ɗaya ce. Wannan ya cinye nasa a shekarar tashi, wancan ya koma shinkafa da tumatir, wani ya ce ƙwari sun gama da nasa a buhu. Dawar Baba ta ƙare a duniya, kuma a bakin ragunana ta ƙare. Wannan ban taɓa samun yadda zan gyara shi ba, kuma ba zan ce na samu ba.

A gida na ƙarshe na tarar da wata tsohuwa, maƙwabciyar Inna tun suna amare, wadda muke kira Goggo. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Inna, ta tambayi maiɗakina, ta tambayi kasuwa da gajiya da zafi, sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta tafa hannu ta riƙe haɓa. Ta ce, "Tun kana ƙarami na ce kanka babba na amma iska ta a ciki. Iri kam babu. Amma kai kana tsammani dawa ɗai ta ka damunta? Macce ta kwana hamsin cikin kwalba, ba ƙasa ba hayaƙi, ba wadda za ta ce ma ina kwana da muryar gida. Akwai hili bayan gidan naka?" Na ce akwai. Ta ce, "Tai ka nemi magina su kwaɓa ƙasa. Ni ka biya min mota." Ta shiga ɗaki ta fito da madaɓinta da ƙullin ɓawon ɗorawa. Na fita neman iri, na dawo da tsohuwa.

Ranar da Goggo ta yi sallama a gidana, a ranar na fara jin muryar Inna ta tashi sama tun dawowarta daga Jangebe. Suka rungume juna suna lissafa waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace. Talata ta zo, ƙanen Inna ya iso da shirin tafiya. Goggo ta tare shi a zaure ta ce, "Koma, ka zaka wata Talatar. Na ɗauko aikin daɓe, kuma duk ƙasar ga ba mai hannun yayarka. In ta gama ka ɗauke ta." Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ya dawo Talata ta biyu aka sake mai da shi. Kayanta dai suna ɗaure a ƙulli a bakin ƙofa, kullum in na wuce sai na gan su.

Magina suka tayar da ɗaki zagayayye a bayan gida, aka ɗora jinka. Maƙwabta na leƙe ta katanga suna cewa mahaucin nan ya taɓu, mutane na rushe laka suna sa siminti shi yana komawa baya. Ban kula ba. Ni na riƙa ɗauko tsakuwa da jar ƙasa daga bayan gari a kan kekena, ni na jiƙa makuba a tukwane har hannuna ya rine. Da farko Inna daga nesa take kallo. Sai rannan ta ga magini ya karkata ƙofa, ta ce wa Goggo, "Ki ce mai ƙohwa gabas ta ka dubi." Daga nan ba ta sake zama ba.

Ranar daɓe Goggo ta tara matan ƙauyenmu da ke warwatse a cikin Mafara, waɗanda ban ma san suna garin ba. Suka durƙusa a jere, madaɓai na sauka tare, tim, tim, ana yayyafa makuba, ƙamshinta mai ɗaci-ɗaci ya cika gidan. Suna waƙa suna saka ni a ciki, wai ga mai ragunan da suka fi shi hankali. Ina zaure ina ji, ban taɓa jin zagi mai daɗi kamarsa ba. Yanzu in za a gyara ɗaki mutum ɗaya ake kira da injinsa, ya yanka tayil ya manna ya tafi, ba wanda ya san sunansa. A da ɗaki ba ya zama ɗaki sai gwiwoyin unguwa sun taɓa ƙasansa.

Bayan kwana biyu aka shafe bango da jar ƙasa, Inna ta shiga jan zanenta da yatsu uku. Ta zagaye ɗakin har ta zo saman ƙofa, hannunta ya kasa kaiwa. Ta yi ɗage, ta kasa. Ina tsaye a waje da bokitin ruwa. Sai na ji ta ce wa bango, "Wasu dai tsawon banza anka ba su."

Goggo ta ce, "Kai, da kai aka. Aje bokiti."

Na shiga na tsaya kusa da ita, na ɗaga hannu na dangwala yatsu a ƙasar. Sai na ji ta kama mini gwiwar hannu. Tun da na yi wayo ban san ranar da hannunta ya taɓa ni ba. Ta ce, da ni take kai tsaye, "Ba haka ba. Buɗe yatsu."

Na ce, "Inna, ki yahe mani."

Ta ce, "Ƙasa na bushewa. Ja."

Na ja, tana tura gwiwar hannuna sama da ƙasa, idona ya cika ban ga abin da nake yi ba. Da muka kai ƙarshe ta sake ni, ta ja baya ta duba. Zanena ya karkace, ya yi kauri a wani wuri kamar an ja shi da ƙashin haƙarƙari. Goggo ta ce a shafe a sake. Inna ta ce, "Bar shi. Kowa ya shigo shi san aikin mahauci na." Matan suka fashe da dariya. Ta goge yatsunta a gefen zane, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Dawa ta tahi. Gulbi ya ci wadda ta hi ta, ban mutu ba. Na yahe, duniya da lahira. Allah shi yi albarka. Hita ka ba mutane wuri."

Na fita na zauna a gindin katanga. Na daɗe a nan ina sauke numfashi, jar ƙasa na bushewa a yatsuna, ina jin su a ciki suna gardamar inda za a rataye ragaya.

Talata ta zagayo, ƙanenta ya zo. Ya ci tuwo, ya sha fura a sabon ɗaki, ya yaba sanyinsa. Da la'asar na raka shi tasha, ya hau motar Damaga shi kaɗai.